JARABAR INTANET TANA CIN ƊALIBAN JAMI'A, IYAYE NA BIYAN KUƊIN

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta kasuwar Mile 12 a Ikko da sassafe, ko Sabo ta Badun, ko mayankar Agege, ko Ama Hausa ta Owerri, ya san irin gumin da mutanen Arewa mazauna Kurmi suke zubarwa kafin su haɗa taro da sisi. Wani dakon buhunan albasa yake yi, wani tsire yake gasawa har tsakar dare, wani fataucin shanu, wani kuwa gadi ne ya hana shi runtsawa shekara da shekaru. Da yawa daga cikinsu ba su sami zarafin yin ilmin boko mai zurfi ba, sabo da haka babban burinsu shi ne 'ya'yansu su sami abin da su suka rasa. Shi ya sa idan yaro ya sami shiga jami'a, ko ta Zariya ce, ko ta Bayero a Kano, ko ta Ikko nan kusa, sai ka ga uba ya ɗaure ciki, ya rage na cefane, domin kada ɗansa ya tagayyara a cikin tsara.

To, a 'yan shekarun nan wata sabuwar buƙata ta shiga cikin jerin abubuwan da ɗalibi yake nema daga gida, watau kuɗin data. Uba ya san kuɗin makaranta, ya san na abinci, ya san na littattafai, kuma kowane yana da iyaka. Amma wannan ba shi da ranar ƙarewa. Yaro zai bugo waya ya ce, "Baba, data ta ƙare, ga shi kuwa akwai aikin da malam ya ba mu." Uba ba ya musu, sai ya lalubi aljihu ya tura. Tun daga watan Janairu na 2025 kuwa, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, nauyin ya daɗu a kan wuyan iyaye.

Da kuɗi kaɗai abin yake ci, da da sauƙi. Gaskiyar magana ita ce jarabar intanet ta zama ciwo a tsakanin ɗaliban manyan makarantu, tana cin barcinsu, tana cin karatunsu, tana cin natsuwarsu, kuma iyayen da ke can nesa suna neman abin rufin asiri su ne na ƙarshen sani.

YADDA ABIN YA FARO

A watan Agusta na 2001 ne wayar hannu ta fara aiki a ƙasar nan, kuma a lokacin sai mai hannu da shuni yake iya mallakar layi. Yau kuwa da wuya a sami ɗalibin jami'a wanda ba ya riƙe da waya mai shiga intanet. Ba a ga laifinsa ba, domin tun daga 2015 jarrabawar shiga jami'a kanta da kwamfuta ake yin ta, kuma rajista da biyan kuɗin makaranta da duba sakamako duk sun koma ta wannan hanya. Watau dai ɗalibi ba shi da zaɓi, tilas ya shiga.

Sa'an nan sai zaman gida ya zo ya ƙara wa Borno dawaki. A 2020 annobar korona ta rufe makarantu, malaman jami'a kuma suka yi yajin aiki na wata 9, daga Maris zuwa Disamba. A 2022 suka sake yin wani na wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A cikin shekara 3 ke nan ɗalibi ya yi zaman kashe wando na kusan shekara ɗaya da rabi, ba lacca, ba sana'a, sai shi sai wayarsa. Ɗabi'ar da aka koya a irin wannan dogon zama kuwa ba ta bin mutum ta tsaya a ƙofar makaranta ranar da aka koma.

Ba a Nijeriya aka fara lura da wannan ciwo ba. A 1995 wani likitan ƙwaƙwalwa na birnin New York mai suna Ivan Goldberg ya ƙago sunan cutar jarabar intanet da nufin raha da abokan aikinsa, sai ga mutane suna aiko masa da saƙo cewa lalle su abin ya kama su da gaske. A 1996 wata malamar jami'a a Amurka, Kimberly Young, ta gabatar da bincikenta a kan lamarin a taron masana halayyar ɗan Adam da aka yi a Toronto. Ta ɗauko ma'aunin da ake gane ɗan caca da shi, ta mai da shi tambayoyi 8. Daga cikinsu akwai: shin mutum yana daɗewa a intanet fiye da yadda ya yi niyya? Shin ya sha ƙoƙarin ragewa ya kasa? Shin ransa yana ɓaci idan aka raba shi da ita? Shin ya taɓa yi wa iyalinsa ƙarya a kan yawan lokacin da yake ɓatawa? Shin ya sa karatunsa ko aikinsa cikin haɗari sabo da ita? Shin yana fakewa da ita ne domin ya guje wa wata damuwa? Wanda ya amsa da "i" a kan 5 daga cikin 8 ɗin, ta ce abin ya kama shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma a 2019 ta sa jarabar wasannin kwamfuta da na waya a cikin kundinta na cututtuka, kundin da ya fara aiki a 2022. Alamomin da ta bayar guda 3 ne: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba da yi duk da yana ganin ɓarnar da yake jawo masa, har abin ya kai kamar wata 12. Mai karatu ya lura, ba a ce duk mai riƙe da waya mara lafiya ba ne. Ma'aunin shi ne wa yake juya wani, ɗalibin ko wayar.

IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Kafin a ɗora wa yara laifi duka, ya kamata a san da wa suke kokawa. Kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali ba sa karɓar kuɗin shiga, da talla suke cin abinci, kuma gwargwadon daɗewar mutum a ciki gwargwadon ribarsu. Sabo da haka suka ɗauki ƙwararru aiki domin su gano hanyar da za a riƙe ido kada ya ɗauke. Wani mai suna Aza Raskin ne a 2006 ya ƙirƙiro tsarin nan da mutum zai yi ta jan allo da yatsa ba tare da ya taɓa kai wa ƙarshe ba, daga baya kuwa shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Haka nan a 2017 Sean Parker, shugaban farko na kamfanin Facebook, ya faɗa a bainar jama'a cewa da gangan aka gina abin a kan wani rauni da ke cikin halin ɗan Adam. Kada a manta kuma, shi Facebook ɗin a 2004 a cikin Jami'ar Harvard aka haife shi, domin ɗalibai aka yi shi tun asali.

Dabarar tsohuwa ce, ita ce ta gidan caca. Idan mutum ya san abin da zai samu duk lokacin da ya duba, zai gaji ya bari. Amma idan wani lokaci ya sami abin dariya, wani lokaci saƙon budurwa, wani lokaci kuma ba komai, to, hannunsa ba zai daina komawa aljihu ba. Yaron da bai wuce shekara 19 ba, wanda yau ne ya fara kwana a inda ba uwa ba uba, ba mai ce masa tashi ko kwanta, shi aka haɗa kokawa da waɗannan gwanaye.

ABIN DA AKE ASARA

Na farko shi ne barci. Likitoci sun ce baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Hasken allon waya da dare yana jinkirta zuwan barci, abin da ake kallo kuma yana hana zuciya kwanciya. Daɗin daɗawa, kamfanonin waya sun saba sayar da data mai rahusa ta tsakar dare, kamar yadda a shekarun baya suka riƙa ba da kiran dare kyauta. Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi sai ya jira sha biyun dare domin ya ci arha, ya kwana ido biyu, asuba ta wuce shi, laccar ƙarfe 8 ta same shi yana gyangyaɗi. Arhar da ta cinye laccar safe kuwa ta fi kowace tsada tsada.

Na biyu shi ne karatu. Littafin jami'a yana son mutum ya zauna awa ɗaya ko biyu a kan abu guda, hankalinsa wuri ɗaya. Wanda ya saba da bidiyon daƙiƙa 30, wannan na wucewa wancan na shigowa, idan ya buɗe littafi sai ya ji kamar an ɗaure shi. Ya karanta layi 5, waya ta yi ƙara, ya duba, kafin ya ɗago kai rabin awa ta tafi. Ranar jarrabawa takarda ba ta san uzuri ba. Daga nan sai faɗuwa, sai maimaita darasi, wani ma har a sallame shi, ya ci gaba da zama a garin yana karɓar kuɗi daga gida, yana jin kunyar faɗa wa mahaifinsa gaskiya.

Na uku shi ne kwanciyar rai. A 2010 Jami'ar Maryland ta Amurka ta nemi ɗalibanta 200 su ƙaurace wa waya da intanet da sauran kafofin labarai na awa 24 kacal, sa'an nan su rubuta abin da suka ji. Da yawansu suka yi amfani da irin kalmomin da mashaya suke amfani da su, suna maganar ƙaiƙayin son komawa da fargaba da jin kaɗaici. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Pennsylvania suka ɗauki ɗalibai 143, suka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka bar su su ci gaba yadda suka saba, ɗaya kashin aka ƙayyade musu minti 10 a rana a kan kowane ɗaya daga Facebook da Instagram da Snapchat. Bayan mako 3, waɗanda aka rage wa suka nuna raguwar kaɗaici da ƙuncin zuciya. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Ɗiyar mai gadi da ke shan gari da ƙuli a ɗakin kwanan ɗalibai, idan ta wuni tana kallon hotunan tsararrakinta cikin leshi da motoci, sai ta raina kanta da gidansu, alhali kuwa rabin abin da take gani aro ne da ƙarya.

Na huɗu shi ne aljihu, kuma nan ne abin ya fi muni. A cikin wayar nan da ake karatu da ita akwai cacar ƙwallo, akwai masu ba da bashi nan take da ruwa mai yawa, waɗanda idan mutum ya kasa biya sai su bi lambobin da ke cikin wayarsa suna tozarta shi, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai wa wasunsu samame a Ikko a 2022. Akwai kuma masu alkawarin ninka kuɗi, irin MMM da ta rufe da dukiyar jama'a a Disamba ta 2016. Ɗalibin da ya sa kuɗin makarantarsa a ɗaya daga waɗannan ramuka ba ya iya barci, ba ya iya karatu, ba ya kuma iya buɗe baki ya faɗa wa kowa.

MASU CEWA AN CIKA ZUZUTAWA

Akwai masu ganin cewa duk wannan kururuwa ce ta tsofaffi, domin haka aka yi da rediyo, haka aka yi da silima da talabijin, duniya kuwa ba ta tashi ba. Maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. A 2019 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford, Amy Orben da Andrew Przybylski, sun duba bayanan matasa sama da 350,000, suka ga cewa idan aka haɗa kowa da kowa, dangantakar da ke tsakanin amfani da waɗannan na'urori da rashin walwala ƙarama ce ƙwarai. Har wa yau, sau da yawa damuwar ce take riga wayar zuwa: yaron da yunwa da kewar gida da rashin aboki suka dame shi, shi ne yake fakewa a cikin allo. Bugu da ƙari, ɗalibai da yawa da wannan waya suke karanta littattafan da ɗakin karatun makarantarsu ba shi da su, wasu da ita suke ɗinki ko sayar da turare suna biya wa kansu kuɗin makaranta.

Duk an yarda. Amma lissafin jimla ba ya share hawayen gida guda. Idan aka ce yawancin masu ratsa kogi suna haye wa lafiya, wannan bai zama dalilin ƙin koya wa yara iyo ba. Kuma ko da damuwa ce ta fara zuwa, wayar ba ta warkar da ita, sai dai ta rufe ta kamar yadda ake rufe gyambo da tsumma, yana ci ta ciki. Bambancin waya da silima kuwa a fili yake: gidan silima yana tashi, a kashe fitila kowa ya tafi gida, ita kuwa tana ƙarƙashin matashin kai har gari ya waye.

INA MAFITA?

Wasu za su ce gwamnati ta kafa doka. An gwada a wasu ƙasashe. Koriya ta Kudu a 2011 ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 yin wasannin intanet daga sha biyun dare zuwa 6 na safe, amma yara suka riƙa shiga da sunayen iyayensu, wasannin kuma suka koma cikin wayar hannu inda dokar ba ta kai ba, har a 2021 aka yanke shawarar soke ta. Ƙasar Sin a 2021 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ko a can ma dokar yara ƙanana ta shafa. Ɗalibin jami'a baligi ne, ba ɗan sandan da zai bi shi ɗaki ya kashe masa waya. Sabo da haka maganin yana hannun mutane huɗu.

Na farko, iyaye. Ƙwace waya ko zagi ko barazanar tsinuwa ba za su haifar da komai ba sai ƙarin ɓoye-ɓoye. Abin da ya fi shi ne uba ya yanka wa ɗansa kuɗin data na wata, ya tsaya a kai, idan ya ƙare kafin lokaci a tambayi dalili. Ya nemi ganin sakamakon jarrabawa a ƙarshen kowane zango, idan ba ya iya karantawa ya kai wa wanda ya amince da shi. Ya kuma sami wani babba a garin da yaron yake karatu, kawu ko tsohon maƙwabci, wanda zai riƙa leƙa shi ido da ido. Idan aka kira yaro a waya, kada tambayar ta tsaya a kan "Kuɗinka sun ƙare?" A tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya, su wa yake cin abinci da su, me yake damunsa. Uwa takan ji a muryar ɗanta abin da bai faɗa ba. Sa'an nan iyaye su dubi kansu, domin uban da ke zaune a rumfa ko a kan tabarmar cin tuwo idonsa na kan waya, ba shi da bakin yi wa ɗansa faɗa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na biyu, hukumomin jami'o'i. A makon karɓar sababbin ɗalibai ana yi musu gargaɗi a kan ƙungiyoyin asiri da shaye-shaye da satar jarrabawa, to, lalle ne a ƙara da wannan. Ofisoshin ba da shawara su zama wuraren da ɗalibi zai shiga ba tare da jin kunya ba, a kuma farfaɗo da filayen wasanni da ƙungiyoyin muhawara, domin wanda ya gaji da ƙwallo da yamma ba ya kai wa ƙarfe 3 na dare yana jan allo. Malamin da ya ga ɗalibi mai ƙoƙari ya fara ja da baya, ya kira shi ya tambaya tun kafin takardar kora ta fito.

Na uku, shugabannin al'umma a nan Kurmi. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin 'yan Arewa suna da bakin da ake ji. Lokacin hutu, sa'ad da ɗalibai suka dawo Sabo da Agege da Idi-Araba da Shagamu da Fatakwal, a tara su da iyayensu, a gayyato likita ko malamin jami'a ya yi bayani da harshen da kowa zai gane. A kuma cire wa mutane tsoron asibitin ƙwaƙwalwa. Ga na Yaba a Ikko, ga na Aro a Abekuta, ga na Barnawa a Kaduna, ga na Kware a Sakkwato, kuma ba sai mutum ya yi tsirara a kasuwa ake kai shi ba. A Janairu ta 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, watau ita kanta hukuma ta canza yadda take kallon lamarin. Yaron da ya daina barci, ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, likita yake buƙata da gaggawa.

Na huɗu kuma mafi girma, shi ɗalibin kansa. Yawancin wayoyin yanzu suna nuna awa nawa mutum ya yi a kansu kowace rana. Ya buɗe ya duba, ya ninka da 7, ya ga abin da mako guda yake ci. Wanda yake yin awa 6 a rana, awa 42 ke nan a mako, ya fi lokacin da ma'aikacin gwamnati yake yi a ofis. Ya kashe ƙarar saƙonnin da ba dole ba, ya ajiye wayar nesa da shimfiɗa idan dare ya yi, ya bar ta cikin jaka idan ya shiga ɗakin karatu, ya goge manhajar caca tun yau. Idan ya gwada ya kasa, ya faɗa wa wani. Neman taimako ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne a shekara 4 ana aiko da kuɗi a koma gida hannu rabbana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutumin da ya bar garinsu ya zo Kurmi, ya jure ruwan sama da cunkoso da gorin baƙunta domin ɗansa ya riƙe takardar digiri, ya cancanci ya san inda guminsa yake tafiya. Idan yaro ya sake bugowa ya ce data ta ƙare, a tura masa, amma a tambaye shi ƙarfe nawa ya kwanta jiya. Allah ya shirya zuriya, ya sa wahalar iyaye kada ta tashi a banza.